Zif a Wuyan Mesa

Tun ranar da na dawo daga Duwala shagona bai huta ba. Wadda ta zo da ɗinki da wadda ta zo da baki kawai, tambayarsu ɗaya ce: Asabe, wai da gaske kin kai kan mesar nan har Kamaru? Wai a can ma an yi miki dariya? Na gaji da maimaitawa ina taka keke, jiya har allura na karya saboda surutu. To ga shi a rubuce, kowa ta karanta ta bar ni na yi aikina. E, na kai shi. E, an yi dariya. Sauran sai ku bi ni a hankali.

Ga wanda bai sani ba, ni ce telar da ta ɗinka macijiyar da ke cikin fim ɗin nan, Mesar Bakin Fadama. Yau da bakina nake faɗa, bara kuwa ko da wuƙa a wuya ba zan amsa ba. Daraktan ya zo mini da zane a bayan kwalin sabulu, ya ce yana son mesar da za ta haɗiye mai unguwa da rawaninsa. Na haɗa sosan katifa da koriyar ledar kushin, na yi idanu da fitilun siginar babur, haƙora da cokulan roba, harshe da jan silifas. Maza biyu ke shiga cikinta su motsa ta. Daga ƙarƙashin haɓarta har ƙirji na sa mata zif, ƙato, ruwan ɗorawa, irin na jakar matafiya, kunnen da ake ja yana waje.

Da fim ya fito, daidai wurin da mesa ta miƙe za ta haɗiye mai unguwa, sai ga zif ɗina ɓaro-ɓaro yana ƙyalli a rana. Wani mai sharhin fina-finai a rediyo ya kwashe rabin awa yana wasa da mu. Ya ce shi dai bai taɓa ganin macijin da ke sa riga ba. Ya ce duk wanda ya yi wannan ɗinki ba shi da yatsu, aikin kuturu ne. Na san wani kuturu a bakin kasuwarmu da ke tufka igiya, kuma igiyarsa ta fi bakin mutumin nan amfani, amma duk da haka maganar ta shige ni. Aka yanko wurin aka yi ta yawo da shi a waya. Amare biyu suka zo suka karɓe kayansu ba a ɗinka ba. Na je wurin mai tace fim na roƙe shi ya cire sunana daga jerin sunayen ƙarshe, ya cire. Kan mesar kuwa na cusa shi a buhu na tura ƙarƙashin gado. Shekara ashirin ina ɗinki, zif ɗaya ya sa na ɓoye sunana kamar na yi sata.

Ana nan sai Yaya Sabo ya kira. Ɗan yayan babana ne, yana sayar da atamfa a kasuwar Mboppi a Duwala. Ya ce telolin unguwarsu sun haukace a kan fim ɗin, duk Lahadi sai sun kalla, kuma ya yi suɓul da baka ya ce ƙanwarsa ce ta ɗinka mesar. Yanzu ƙungiyarsu na son na zo taronsu na bayan Sallah da kan a hannu.

Na ce, "Yaya, dariyar Kano ba ta isa ba, sai na je na ɗebo ta ƙetare?"

Ya ce, "Ke dai ki zo."

Na kwana biyu ina cewa ba za ni ba. A rana ta uku zuciya ta ɗebe ni na ce za ni, in dariya ce su yi ta a gabana, na gaji da ta bayan ido. Amma ga abin da ban gaya wa kowa ba. Kafin na tashi na jawo buhun, na farke zif ɗin tas, na rufe wurin da ɗinkin hannu mai kyau wanda ko da fitila ba za ka ga zare ba. Na ce su ga mesa mai mutunci. Zif ɗin na naɗe na jefa a jakar hannuna, don tela ba ta yar da zif mai lafiya.

Motar Yola ta ɗauki yini guda cur. A tasha kwandasta ya ɗaga buhun ya ce akuya ce a ciki, na ce akuyar da ba ta numfashi? Aka ɗaure shi a sama tare da albasa. Matar da ke kusa da ni, wata mai fara'a da ke kai jikarta Numan, ta raba mini dabino, muka saba. Bayan Gombe sai na ji tana ƙyaƙyata dariya ita kaɗai. Ta miƙo mini wayarta. Zif ɗina ne.

"Don Allah baiwar Allah dubi nan. Wace irin tela ce wannan?"

Na duba kamar yau na fara gani, na ce, "Oho. Allah ya kyauta."

Kan mesar yana bisa kaina a daidai lokacin, tsakanina da shi rufin mota kawai.

Washegari aka bi da mu ta Gurin, aka tsallaka kogi a kwalekwale, ni da buhuna da babura biyu da wani tsoho mai kaji. A ɗaya gefen akwai rumfar jami'ai. Wani dogo ya nuna buhun ya yi Faransanci, da ya ga ban motsa ba ya juya Hausa, irin tasu da ba ta raba mace da namiji.

"Hajiya, mene ka ɗauka?"

Na ce, "Kan maciji."

Ya ɗauka raini ne. Ya kwance bakin buhun da kansa ya zura hannu, ya jawo, sai ga idanun siginar nan biyu suna kallonsa. Wallahi sai da ya yi baya ya taka butar sallarsu. Abokan aikinsa suka kwashe da dariya har ɗaya ya riƙe ciki. Suka yi ta ɗaukar hoto da shi, wannan ya sa kansa a baki, wancan ya ja harshen. Ba wanda ya tambaye ni wa ya ɗinka, ni ma ban faɗa ba. Suka buga mini hatimi suka ce a sauka lafiya.

A Garwa na kwana gidan wani abokin kasuwancin Yaya Sabo. Matan gidan Fulatanci suke yi, muka yi ta gaisawa da hannu da murmushi. A nan na fara ganin dogon burodin nan nasu mai kama da taɓarya, mutum ya saƙale shi a hammata tsirara ba leda, ya hau babur da shi. Na ce a raina a Kano da an yi masa faɗa. Da safe aka tsaga mini shi aka cusa wake a ciki, na ci ina zargin kaina, na nemi ƙari.

Daga Garwa mota ta kai ni Ngaundare, daga nan jirgin ƙasa na hau zuwa Yawunde, aka kwana ana tafiya. Duk tashar da aka tsaya mata na miƙo kaya ta taga. Na sayi wani abu dogo naɗe da ganye an ɗaure shi da zare gaɓa-gaɓa, na ɗauka alkaki ne ko wani abin zaƙi. Ashe rogo ne da aka jiƙa ya yi tsami, bobolo suke ce masa. Na gatsa da ganyen, wata Bafulatana da ke gabana ta karɓa ta ɓare mini. Na gode mata da ba ta yi dariya ba, don a lokacin ko dariyar jariri na ji sai na tsargu.

Daga Yawunde mota ta ƙarasa da ni Duwala. Ita kuwa zafinta ba irin namu ba ne. Namu yana gasa mutum, nasu dafa shi yake yi. Ka fito daga wanka kana neman wani. Ruwan sama ya sauko ba sallama, kowa ya ci gaba da harkarsa. Yaya Sabo ya tare ni a tasha ya ɗora ni a acaɓa, wanda su ke kira bensikin, ni a ɗaya, buhuna a ɗaya, muka kutsa cikin unguwarsu, New Bell. Ina shiga na ji kamar an ɗauko wani lungu na Fagge an jiƙa shi da ruwa. Ga masallaci, ga mai shayi, ga mai tsire, sai dai a nan soya ake ce wa tsire. Hausa ko'ina, amma kafin a kai ƙarshen magana ta zame ta koma Faransanci.

Muna tsayawa a ƙofar gida na ga mutane tsaitsaye, maza da mata, wasu da tef ɗin awo a wuya. Wata ta hango ni ta ɗaga murya.

"Ga ta nan! Kuturiyer ta iso!"

Sauran suka ɗauka. Kuturiyer, kuturiyer, ana tafi.

Jama'a, ban san lokacin da na diro daga babur ba. Kwana huɗu ina hanya, na tsallaka kogi, na ci rogo da ganyensa, ashe zagin mutumin rediyo ya riga ni isowa. Na fizge buhuna na ɗaga hannuwana biyu sama.

"Ku ƙirga! Goma ne cif! Kuturwa tana gidan uban wanda ya fara faɗa! Yaya, mayar da ni tasha."

Matar Yaya Sabo, Maman Dija, wadda a New Bell aka haife ta, ta dube ni ta dubi mijinta, sai ta zube a dakali tana dariya har da hawaye.

"Wayyo Tanti! Ba kuturwa ba! Kuturiyer! Mace mai ɗinki ke nan da Faransanci. Ni ma kuturiyer ce. Wancan tsohon kuturiye ne, shekara arba'in yana yi. Duk nan kutare ne, wala!" Wala ɗin nan tasu, wai ga shi nan ke nan.

Na sauke hannuwana a hankali. Ban ba da haƙuri ba, na dai ce ai sai a riƙa yi wa baƙo bayani. Aka shigar da ni ciki aka ajiye mini gasasshen kifi da wata miyar ganye mai ɗaci-ɗaci da gyaɗa, ndole. Maman Dija na zuba mini tana cewa, "Ci, kuturwar Kano," ina hararar ta ina ci.

Taron ranar Lahadi ne bayan la'asar, a wani zaure mai rufin kwano a unguwar Kassalafam. Ya cika maƙil. Teloli, masu sayar da yadi, 'yan dako daga Mboppi, mata da goyo, har da waɗanda ba sa jin Hausa ko kaɗan. Aka zaunar da ni a gaba kusa da shugaban ƙungiyar, Baba Hamadu, tsohon da Maman Dija ta nuna mini, mutumin Garwa, siriri, da tabarau ɗaure da zare. Buhuna yana tsakanin ƙafafuna.

Aka kunna fim. Ban taɓa ganin kallo irin wannan ba. Sun haddace shi kaf. Kafin mai unguwa ya buɗe baki zaure ya riga shi: "Ni maciji bai isa ba!" In mesa ta leƙo daga cikin ciyawa sai mata su yi ihun ƙarya su rungume juna. Wani ya tashi yana kwaikwayon tafiyarta da buhun shinkafa a ka. Ni kuwa na ƙame, ina jiran wurin nan kamar mai jiran allura a asibiti.

Da ya matso sai na ga kowa na laluben aljihu. Mesa ta miƙe. Zaure gaba ɗaya ya tashi tsaye, kowa da zif a hannu, ja, fari, shuɗi, ana kaɗawa sama.

"Farmatir! Farmatir! Farmatir!"

Wannan ban buƙaci fassara ba, zif suke nufi. Sau uku aka mayar da wurin baya. Na ji kunya, na ji haushi, na ce a raina ba komai, yanzu za ku ga aiki.

Da aka gama Baba Hamadu ya ce a buɗe buhu. Na fito da kan na ɗora a tebur na gyara masa zama, haɓa sama, don a ga yadda wuyan ya yi sumul. Aka yi shewa, aka matso. Sai shewar ta fara mutuwa daga gaba zuwa baya. Wata ta ce, "Ina farmatir?" Wani daga baya ya ce ba shi ba ne, na jabu aka kawo musu.

Baba Hamadu ya gyara tabarau ya bi wuyan da ɗan yatsa tun daga haɓa har ƙasa. Ya daɗe yana shafawa.

"Ɗinki ya yi kyau," in ji shi. "Hannu ɗaya ne, na gane shi. Amma 'yata, don me ka cire?"

Na ce, "Baba, saboda shi aka zage ni a rediyo. Saboda shi na cire sunana. Ku ma yanzu dariyarsa kuka gama yi."

Ya ce, "Dariya kam mun yi, gobe ma za mu yi. Maciji da cokali a baki, wa zai gani ya yi shiru? Amma mu nan wata uku muna gardama a kan farmatir ɗin nan. Wasu suka ce ragwanci ne, tela ya rasa yadda zai rufe. Ni na ce a'a. Mai ragwanci ƙarami zai sa, ya ɓoye a ciki. Wanda ya sa babba, mai launi, kunne a waje, yana so a gan shi daga nesa a ja da sauri. Na ce akwai mutum a cikin macijin nan, kuma telan yana tsoron kada ya mutu. Don wannan muka kira ka. Gaya mana, ni ne da gaskiya ko su?"

Shekara guda cur ba wanda ya yi mini wannan tambaya. Mai rediyo bai yi ba, darakta bai yi ba, ku ma ƙawayena da ke karanta wannan ba ku yi ba. Maman Dija ta dafa ni.

Na gaya musu. Darakta ya so a ɗinke mutanen a ciki a riƙa farkewa in an tashi, na ce ba da hannuna ba. Leda ce da soso, ba ta shan iska. Ranar da aka ɗauki wurin haɗiye mai unguwa, da tsakar rana a fadama, mesa ta miƙe ta sauko, sai ɓangaren kanta ya daina motsi. Darakta na ihu a ci gaba. Ni na san nauyin abin da na ɗinka, na ga ba haka yake kwanciya ba. Na yar da takalmi na shiga taɓo, na kama kunnen nan na ja sau ɗaya, ya buɗe har ƙasa. Ɗanjuma, mai riƙe kan, magidanci mai 'ya'ya huɗu, ya sulalo a sume, sai da aka yi ta zuba masa ruwa. Yau yana nan yana tuƙa Keke Napep ɗinsa a Kano.

Baba Hamadu ya juya ya fuskanci zaure ya buɗe hannuwa, ya ce, "Wala!" Wurin ya kaure. Waɗanda suka ce ragwanci ne aka yi ta dukan kafaɗarsu. Ni kuwa ina tsaye ina kallon ɗinkin ɓoyen da na yi, mai kyau, sumul, wanda da shi ne a wuyan ranar nan da sai an nemo almakashi.

Na buɗe jakar hannuna na fito da zif ɗin. Ruwan ɗorawar nan na warwarewa aka yi wata irin shewa da ta fi ƙarfin ruwan da ke dukan kwano. Na ce a ba ni reza da babbar allura. Allura wajen goma aka miƙo. A gabansu na farke ɗinkina na mayar da zif mazauninsa, Baba Hamadu na riƙe mini leda, yana gyara mini fitilar waya. Da na ƙulle zare na ja shi sama na ja shi ƙasa, ya tafi sumul.

Sai wata ta ce a sa jerin sunayen ƙarshe su ga nawa. Aka sa. Mai kwalliya, mai abinci, direba, har mai ba da aron akuya, kowa na nan. Wurin ɗinki babu kowa. Na hau kan benci, ni da ban taɓa magana a taro ba, na ce, "Sunana Asabe. Ni na ɗinka ta, daga harshe har wutsiya. Wanda zai yi dariya ya yi, amma ya haɗa da sunana." Suka yi dariyar kuwa, suka haɗa da sunan. A karo na huɗu da aka mayar da wurin, ni ma na yi, don tsakani da Allah mesar nan abin dariya ce, idonta ɗaya ma ya fi ɗaya haske.

Sun so na bar musu kan, na hana. Na sake ɗaukar buhuna na bi jirgi da mota da kwalekwale na dawo da shi. A motar Kano wani ya tambayi abin da ke ciki, na kwance na nuna masa, na gaya masa wadda ta yi tun bai tambaya ba.

Wanda ya bi ta layinmu ya gan shi, yana rataye a saman ƙofar shagona, haɓa sama, zif na kallon titi. Fim ɗin bai gyaru ba, mai rediyo bai janye maganarsa ba, amaren nan biyu ba su dawo ba. Shekaranjiya wata maƙwabciyata ta tsaya ta ɗaga kai ta ce, "Asabe, ai da kin sa ɗan ƙyalle kin rufe wurin nan."

Na jawo mata kujera na ce ta hau ta ja. Ta hau ta ja, ya buɗe har ƙasa. Ya sha taɓon fadama, ya sha ruwan Duwala, ya sha tafiya a mota da kwalekwale, har yau bai taɓa cijewa ba.